Taksi ba ta shiga Kasbar Aljiyas

Da yawa cikin masu shirin zuwa Aljiyas, babban birnin Aljeriya, sun ɗauka tunda gari ne na bakin teku, shimfiɗaɗɗe ne, taksi za ta kai su ko'ina. Ba haka ba ne. Birnin a jikin tsauni yake, yana kallon Bahar Rum, kuma tsohuwar unguwar Kasba, wadda UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, galibinta matakala ce da lunguna masu ƙunci. Mota ba ta da wurin bi. Har yau jakuna ne ke kwashe sharar unguwar, da kwanduna rataye a bayansu, suna hawa suna sauka.

Don haka kada taswira ta ruɗe ka, wurin da ka gani dab da kai yana iya cin numfashinka kafin ka isa. Dabarar ita ce mota ta sauke ka a sama, wajen Bab Jadid, ka gangaro a ƙafa har Masallacin Ketchaoua da Dandalin Shahidai. Nan akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ka sa takalmi mai riƙo, domin matakalan sun sha taku, suna santsi idan an yi ruwa.