Bromeliyad Ba Kauci Ba Ne

Da yawa idan suka ga bromeliyad, wani tsiro dangin abarba, manne a reshe sai su ɗauka kauci ne, yana tsotse bishiyar. Ba haka abin yake ba. Kauci huda ɓawo yake yi ya sha ruwan da ke cikin itacen. Shi kuwa bromeliyad wurin zama kawai ya ara a can sama, inda haske ya fi yawa. Saiwarsa siririya ce mai tauri, babban aikinta riƙe ɓawo don kada iska ta yar da shi.

To daga ina yake ci? Daga ganye. A nau'o'i da dama ganyayen kan zagaye juna su bar rami a tsakiya. Ruwan sama ya taru, busassun ganye da ƙwari su faɗa ciki su ruɓe, shi ke nan abinci ya samu. Irin su Tillandsia kuwa, waɗanda su ma bromeliyad ne, wani gashi-gashi mai kama da furfura da ke jikin ganyensu ne ke kama ruwan sama da raɓa. Ba duka ne ma ke hawa bishiya ba: abarba danginsu ce, kuma a ƙasa take tsiro.

Wannan kuskuren fahimta ba ya cutar da kowa sai mai shuka. Wanda ya ɗauka saiwa ce ke ciyar da shi yakan binne ta cikin ƙasa mai laka, ya yi ta ban ruwa har gindin ya ruɓe. Gara a cika tukunya da gutsattsarin ɓawon itace, ko a ɗaure shi a jikin busasshen katako. Ruwa a ramin tsakiya ake zubawa, a riƙa zubar da tsohon ana sabuntawa, in ba haka ba sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.