Tsakanin Maraɗi da Legas: yadda ake auna “Ubangiji ya ce mini”

A majami'un Legas, inda nake zaune, “Ubangiji ya ce mini” magana ce mai sauƙin fita. Saurayi zai faɗe ta a kan yarinyar da ya gani sau biyu, ɗan kasuwa a kan shagon da yake son kamawa, mai wa'azi kuma ya faɗe ta sau goma kafin a karɓi baiko. A ikkilisiyoyin Maraɗi, mutum kan yi shekara bai ji dattijo ya furta ta ba. Abin da aka fi ji shi ne “mu sa abin cikin addu'a”, ko “bari mu ga abin da Ubangiji zai yi”. Mutanen Legas kan ɗauki wannan a matsayin sanyin bangaskiya. Ni ina ganin tarbiyya ce mai tsada, kuma salula na neman ƙwace mana ita, domin wa'azin da ake yi a manyan sansanonin addu'a na bakin hanyar Legas zuwa Ibadan yanzu yana isa Tsibiri da Madarumfa ta WhatsApp kafin gari ya waye.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Masu bin Almasihu a Maraɗi 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta da dangi Musulmi. Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta iso Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kuturta na Danja. Daga wannan aikin ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito. Jama'ar da kowa ya san gidan uban kowa ba ta da wurin ɓoye annabcin ƙarya. In fasto ya ce wane zai warke ranar Juma'a, Juma'a ta zo aka kai shi makwanci, unguwa duka ta gani, kuma kunyar ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Waɗanda suka ga hare-haren da aka kai wa wasu majami'u a garin a Nuwamba 2000 da Yuni 2019 sun ƙara sanin nauyin kalma. A Legas kuwa, wanda annabcinsa ya faɗi ƙasa banza sai ya kama wani ɗakin taro a wata unguwa, ya sake allo, sabbin mutane su cika masa kujeru.

Bambancin ya fi fitowa a kan yadda ake gane amincin Allah. A birni ana neman sa cikin abin mamaki na mako: biza ta fito, kwangila ta faɗo, wani ya turo kuɗi ba zato. Manomin Maraɗi da shekara yake lissafi, kuma a bakin rumbu yake yin sa. Ɗauki gida mai mutum takwas da ke cin tiya biyu ta hatsi kullum. Wata guda tiya 60 ke nan, buhu ɗaya da rabi, tunda buhu tiya 40 ne. Shekara tana son buhu 18. In kaka ta ba da buhu 12 a Oktoba, abincin zai kai Yuni ya ƙare, daidai lokacin da ake shuka, ƙarfi ake bukata a gona, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Giɓin wata huɗu ne, buhu shida. Maigida mai hankali tun ranar da aka ɗaure damma ya san wannan. Yakan ware iri tukuna, tiya uku zuwa huɗu ga kowace eka babba, wato hekta, ya fitar da zakkarsa zuwa majami'a ranar godiyar kaka, sannan ya zauna da uwargida su tsara yadda za a toshe giɓin: wake da gyaɗa da za a riƙe har farashi ya tashi, tunkiyar da za a turke, ɗan da zai tafi cirani bayan Kirsimeti ya dawo kafin ruwa. Irin wannan mutumin in ya miƙe a sujada ya ce Allah mai aminci ne, yana nufin alkawarin Farawa 8:22, cewa muddin duniya tana nan lokacin shuka da na girbi ba za su fasa ba, kuma yana nufin gidansa ya ga wata kakar ba a rasa kowa ba. Yusufu ma da Allah ya bayyana masa ma'anar mafarkin Fir'auna, abin da ya biyo baya lissafi ne: a tara kashi ɗaya cikin biyar har shekara bakwai.

A nan ne koyarwar “shuka iri” ke yin ɓarna. Saƙon murya zai zo, da kiɗa a ƙarƙashinsa, mai magana ya ce akwai mutum bakwai da Ubangiji ya nuna masa, duk wanda ya tura jika hamsin ta sefa kafin ƙarfe goma sha biyun dare za a ninka masa sau ɗari. Mai albashi a Legas in ya tura, ya yi asarar kuɗin mako, wata ya ƙare ya farfaɗo. Wanda ke ƙauyen Gidan Rumji ba shi da jika hamsin a aljihu, sai ya buɗe rumbu ya kai buhu biyu kasuwa a lokacin da hatsi ya fi araha. Giɓinsa ya tashi daga buhu shida zuwa takwas, kuma a watan Agusta zai saye su da tsadar da ta fi wadda ya sayar nesa ba kusa ba, galibi da bashi, bashin da za a biya da amfanin gona mai zuwa. Shekara biyu ke nan ta lalace saboda saƙon minti uku. Bayarwa kam umarni ce, ba mai gardama. Amma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba, kuma wa'adin ƙarfe goma sha biyu tilas ne da aka yi wa ado. Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20 don ya zaci baiwar Allah abar saye ce. 1 Timoti 5:8 kuma ba ta yi wa wanda ya bar iyalinsa da yunwa sassauci ba.

To yaya ake gwadawa? Littafi Mai Tsarki bai ce a rufe kunne ba. 1 Tasalonikawa 5:20-21 ta hana raina annabci, a nan take kuma ta ce a gwada kome, a riƙe mai kyau. Dattawanmu suna da tsarin da ba su taɓa rubutawa ba. Ayar da aka kafa hujja da ita, a buɗe a karanta surar duka, da wadda ta gabace ta. Yawancin ruɗi a nan yake mutuwa, domin aya ɗaya da aka tsinko tana iya ɗaukar kowane kaya. Littafin yana hannunmu da Hausa tun 1932, ba mu da uzurin jiran wani ya faɗa mana abin da ke ciki, kuma mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, yabo suka samu da suka binciki maganar Bulus kansa. Bayan haka sai a tambaya: in na yi biyayya, wa zai ci riba? In amsar ita ce aljihun mai maganar, an gama. Sannan a rubuta annabcin da kwanan wata, da ainihin kalmomin, a bayan littafin waƙoƙi ko a ina ne. Wannan ƙaramin aiki ne amma yana da amfani ƙwarai, saboda zuciya takan manta guda tara da ba su cika ba ta riƙe ɗayan da ya yi kama da cika. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta sa ma'auni a fili: abin da aka faɗa da sunan Ubangiji bai auku ba, ba shi ya faɗa ba. Sura ta 13 ta ƙara da cewa ko alamar ta cika, in tana janye mutum daga Allah, a ƙi ta.

Sai lokaci. Ba manomin kirki da ke kwashe irinsa duka ya zuba saboda yayyafin farko na watan Mayu. Yakan fita da safe ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, domin ya san ruwan da bai ratsa ba yakan tsirar da hatsi, rana ta ƙone shi cikin kwana goma, a dawo ana neman iri wurin maƙwabta. Haka ake yi da mafarki ko nauyin zuciya game da aure, ƙaura, barin aiki ko tafiya Aljeriya ta Agadas. A ba shi makonni. A kai shi gaban mutum biyu ko uku da suka girme ka cikin bangaskiya, waɗanda ba su da abin samu ko rashi a ciki, kuma aƙalla ɗaya ya zama mai iya ce maka a'a. In uwargida ba ta da salama a kai, wannan ma bayani ne, ba taurin kai ba. Abin da yake daga Allah ba ya ruɓewa don an jira wata guda.

Wuri biyu ne kuskure ke zama da wuyar gyara. Na farko rashin lafiya. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Bayan wata biyu mutum kan ji ƙarfi, tari ya lafa, in a lokacin wani ya ɗora masa hannu ya ce ya zubar da ƙwayoyi don nuna bangaskiya, cutar takan dawo, wani lokaci ta daina jin maganin farko, ya kuma shafa wa 'ya'yansa. Hawan jini da ciwon suga ba sa ihu, shi ya sa ake saurin yarda an warke. In ka gaskata Allah ya taɓa ka, madalla, koma likita a auna. Yesu da kansa ya tura kutaren da ya warkar su je firist ya duba su. Yaro mai zazzaɓi a watan Satumba a yi masa addu'a a kan hanyar zuwa gwajin jini. Ikkilisiyar da ta girma a inuwar Danja da Galmi ba ta taɓa ganin gaba tsakanin addu'a da allura ba.

Na biyu shi ne annabcin da ke nuna yatsa: gwaggonki ce ta ɗaure miki ciki, ƙanen babanka ne ya binne maka abu a gona. Wannan duba ne da aka sa wa rigar majami'a, kuma kakanninmu da suka bar bori da bokaye sun san shi sarai. A Legas wanda aka faɗa wa haka zai toshe lambar gwaggo ya ci gaba da harkarsa. A Maraɗi gwaggon tana bayan katanga, wataƙila Musulma ce, ita ce za ta zo wankan jego, da ita za a raba gado. Zargi ba shaidu biyu ko uku ba shi da gurbi a ikkilisiya, kowa ya kawo shi.

Kada a ce na wanke gida tas. Haƙurin Maraɗi yakan zarce ya zama mutuwar zuciya. “Haka Allah ya so” ta rufe bakin mutane a kan abubuwan da sakaci ne ya jawo su. Kunya takan hana a tambayi Baba Fasto inda kuɗin gini ya shiga. Shawarar dattawa wani lokaci siyasar dangi ce kawai, matashi ko macen da ta kawo tunani mai kyau sai a ce ta bari manya su gama magana, alhali zumuntar mata ce ke riƙe da rabin aikin majami'a. Masu bi na Legas suna roƙo da gaba gaɗi, suna sa rai Allah zai yi wani abu yau, suna koya wa matasansu sana'a da tsara kasuwanci a harabar majami'a. Wannan abin koyi ne, mu ɗauka.

Misalin da ya haɗa biyun yana gonakinmu. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983, bayan ya kai kukansa ga Allah, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Aikin ba wuya: a zaɓi kututture, a bar rassa mafi ƙarfi kamar uku zuwa biyar, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da masu itace. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga iska ta rage binne shuka, ga itacen girki, ga harawa daga gawo da kalgo, maƙwabta suka kwaikwaya. Yau ana ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa ta wannan hanya a wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Amsar addu'a ce, amma sai da aka gwada ta gona bayan gona, shekara bayan shekara, Musulmi da Kirista tare, kafin kowa ya tabbatar.

Mu da ke waje muna da hannu a ruɗin nan, domin mu ne ke tura bidiyon, mu ne kuma ke tura kuɗin. Da annabi Agabus ya faɗi yunwa tana zuwa, a Ayyukan Manzanni 11, masu bi na Antakiya ba su tara masa kome ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa dattawan Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. In 'yan Maraɗi goma a Legas ko Abuja suka haɗa kuɗin buhu bibbiyu a watan Nuwamba, buhu 20 ke nan a rumbun majami'a. A zuba a ɗaki mai busasshiyar ƙasa, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango saboda gara da laima, makulli biyu a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya ba, ɗaya daga zumuntar mata, da littafin da ake karantawa a gaban jama'a kowane wata. Kada a buɗe sai Yuli. A sayar da tiya-tiya ƙasa da farashin kasuwa, ba buhu-buhu ba, don kada 'yan sari su kwashe, gwauraye da marayu kuma a ba su kyauta daga ribar. Abin da ya fi kashe irin wannan rumbu shi ne bashin da ake ba manya don kunya, saboda haka a rubuta tun ranar farko cewa ba bashi, ko ga fasto.