Kafin ka shiga situdiyo: nasiha ga matasan mawaƙa daga ƙuruciyar Dolly Parton

Ƙannena masu sha'awar waƙa, maza da mata, abin da ke damuna da tafiyarku shi ne gaggawa. Yaro zai tara kuɗin situdiyo, a kunna masa kiɗan da aka riga aka haɗa a kwamfuta, ya zauna nan take yana ƙirƙiro baitoci yana cusawa, na'ura ta gyara masa murya, kafin magariba waƙa ta hau TikTok. Bayan sati biyu shi kansa ba zai iya rera ta ba tare da kiɗan ba. Ku zo mu duba yadda aka gina wata mawaƙiyar Amurka da iyayenmu suka sha jin muryarta a rediyo, wato Dolly Parton.

An haife ta ranar 19 ga Janairu, 1946, a wata bukka mai ɗaki ɗaya a ƙaramar hukumar Sevier ta jihar Tennessee, cikin duwatsu. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya 12. Mahaifinta, Robert Lee Parton, manomi ne wanda bai iya karatu da rubutu ba, kuma da buhun garin masara ya biya likitan da ya karɓi haihuwarta. Kakanta na wajen uwa, Jake Owens, mai wa'azi ne a cocin 'yan Fentikos, kuma a cocinsa ta fara rera waƙa gaban jama'a tana da shekara 6. Tana shekara 7 tana kaɗa wata jita da aka harhaɗa a gida, sai da ta kai 8 kawunta ya ba ta ta gaske.

Ba addininta ko shigarta nake kiran ku ku kwaikwaya ba, kowa da tafarkinsa. Makarantar nake so ku gane. A ƙaramar cocin ƙauye babu na'urar da za ta rufa wa murya asiri. Idan ka kauce, kowa ya ji. Kuma waƙar ta jama'a ce: dole amshi ya zama gajere, mai sauƙin kamawa, yadda tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta karɓa tun a zagaye na biyu. Kiɗan ma bai cika wuce kamu uku a wuyan jita ba, irin su G da C da D, don haka nauyin duk yana kan kalmomi da murya. A gida kuma mahaifiyarta, Avie Lee, tana rera musu tsofaffin waƙoƙin mutanen dutse, masu ɗauke da labari daga farko har ƙarshe. Daga coci ta samo amshi, daga uwa ta samo labari.

Irin wannan makaranta muna da ita. Da yawanku a Islamiyya kuka fara, kuna rera ƙasida ranar saukar karatu ko walima, wasu a wajen bege da mandiri, wasu a ƙungiyar mawaƙan coci ko kusa da iyayensu a zumuntar mata. Amma da zarar an taka situdiyo sai a riƙa jin kunyar wannan asali, ana ganinsa ƙauyanci. Wannan kuskure ne babba, don a can ne aka koya muku numfashi da kari da tsayuwa gaban mutane.

Ku lura da tsawon hanyar. Tana shekara 10 ta fara fita a shirin Cas Walker na rediyo da talabijin a Knoxville. Tana 13 ta hau Grand Ole Opry, shahararren dandalin waƙoƙin karkarar Amurka, a birnin Nashville. Duk da haka ba ta bar makaranta ba, sai da ta kammala sakandare a 1964, washegari ta nufi Nashville. A can ma da alƙalami ta fara cin abinci, tana rubuta wa wasu waƙa tare da kawunta Bill Owens. Kamfanin Monument da ya ɗauke ta ya so ya mai da ita mawaƙiyar zamani ta 'yan birni, abin bai yi kasuwa ba. Sai da wata waƙar da suka rubuta wa Bill Phillips ta yi tashe a 1966 aka bar ta ta koma salon garinsu. A 1967 ta shiga shirin talabijin na mawaƙi Porter Wagoner, sunanta ya fara zagaya ƙasa. Daga cocin kakanta zuwa nan shekara 15 ke nan. Kai kuma wata uku da farawa kana kukan an danne ka.

To ga aikin. Rubuta baitocinka a takarda tun kafin ka ji kiɗa. Hausa harshe ne mai dogon wasali da gajere, mai hawa da saukar murya. Idan kiɗa ya riga kalma, dole ka ja inda ba a ja ko ka datse inda ake ja, sai garin da ake zama ya koma garin tuwo. Wannan ne ya sa ake jin waƙa da Hausa amma ba a gane me aka ce. Ka ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango su yi daidai da na ɗan'uwansa, ka tsayar da ƙafiya ɗaya ka riƙe ta. Sannan ka rera ba kiɗa, ka naɗa a waya, ka bar ta ta kwana, ka saurara da safe. Wajen zaɓen tsayin murya, fara gwada layin da ya fi hawa a cikin amshi. In jijiyar wuyanka ta tashi, a sauko da kiɗan, kada ka biye wa mai kiɗa ka fasa maƙogwaro. Daga nan ka rera wa mutum biyar ko goma waɗanda ba abokan yabonka ba. In ka kai baiti na uku ba wanda ya karɓi amshi da kansa, amshin ne ke da matsala, koma ka rage shi.

Sai abin da za ka faɗa. Waƙarta ta 1971 mai suna Coat of Many Colors labarin riga ce kawai. An ba su tsummokara, uwar ta zauna ta harhaɗa su ɗinki bayan ɗinki, tana ba ta labarin rigar Annabi Yusuf. Yarinya ta sa ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. Shi ke nan, cikin minti uku. Ba ta ce talauci da ciwo ba, ta nuna rigar, mai sauraro ya ji ciwon da kansa. Kai ma a gidanku akwai irin wannan riga: keken ɗinkin mahaifiyarka, ko takalmin da ka gada daga yayanka. Me ya kai ka waƙar motar da ba ka taɓa shiga ba?

Maganar da ta fi muhimmanci ita ce ta haƙƙin mallaka, kuma nan ne aka fi cutar ku. Kowace waƙa haƙƙi biyu ce: na rubutu da kari, da kuma na sautin da aka naɗa. Dolly ta kafa kamfanin riƙe haƙƙin rubutunta tare da kawunta tun tana ƙuruciya. Bayan waƙarta I Will Always Love You ta fito a 1974, Elvis Presley ya so ya rera ta, amma manajansa Kanal Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin rubutun. Ta ƙi, duk da zafin da abin ya yi mata. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi sati 14 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma rabon marubuciya ya zo hannun Dolly.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba marubucin waƙa kariya tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Saboda haka in furodusa ya ce zai sayi waƙarka, tambaye shi wanne yake saye a cikin biyun, na shekara nawa, kuma a shafin wa za a ɗora ta a YouTube da Audiomack. A rubuta amsar a takarda, da rabon mai kiɗa da na 'yan amshi, kowa ya sa hannu gaban shaidu kafin waƙar ta fita daga situdiyo. Ka ajiye takardar da ka fara rubuta baitocin da kwanan wata a kanta, da naɗin farko na wayarka, don su ne hujjarka ranar da aka yi musu.