Ranar da na yi hayar uwa a ƙofar mol

Yaran Jidda na yanzu wlh ba su san wahala ba. Sai ka ga yaro da gajeren wando da silifas, kunne toshe da waya, ya shige mol shi kaɗai ba wanda zai ce masa kanzil, har mai gadi na masa tafaddal. Mu a lokacinmu in ba ka da aure kuma daren Alhamis ne, to ka tsaya a waje ka sha iskar fakin, don a jikin ƙofa an rubuta na iyalai ne kawai, ga haris, wato mai gadi, a tsaye kalma biyu ce a bakinsa, shabab mamnu'u, wato an hana samari. Riyad ma sai 2012 aka sassauta wa samari, mu nan kuma kowane mol da dokarsa da kuma irin fuskar da mai gadi ya tashi da ita.

Abin haushin shi ne wannan mol ɗin, ba zan kama suna ba, na san shi tun yana fili. Fili ne fetal can bayan gari ta arewa, ƙasa mai gishiri-gishiri, in mun samu mai mota ya kwaso mu daga unguwarmu Sabil nan muke zuwa buga ƙwallo, gefe guda wani dattijo na kiwon awakinsa suna cin kwali. Garin ne ya taho ya tarar da filin. Jiddar da iyayenmu suka sani ai Balad ce, wadda ganuwa ta kewaye har 1947 da aka rushe ta, sayayya kuma Bab Makka, Bab Sharif, Suƙ Alawi, in aljihu ya yi sanyi ka gangara Sawarik ka tsinci na hannu. Da aka ɗauke filin jirgi daga Kandara aka kai arewa a 1981 sai gari ya bi shi a baya, unguwa bayan unguwa ta hanyar Madina, har wata rana muka zo da ƙwallonmu muka tarar an zagaye wajen da kwano an kafa kuren. 'Yan Fakistan da 'yan Bangaladash suka yi ta zuba kankare cikin wannan rana ta Jidda, lokacin mol ke ta tsirowa ko'ina a gari, irin su Red Sea Mall da aka buɗe 2008. Aka gama namu aka sa fitilu aka buɗe, sai ga shi mu da muka san inda ragar gola take a da, mu ne mamnu'u. Yanzu dai ya tsufa, rabin shagunan sama a rufe, tunda aka dawo da silima a ƙasar a 2018 manyan suka kwashe masa mutane, yau da za ka zo da samari cike da bas har ruwa za su ba ku. Allah sarki.

To ni lokacin an sa min rana, ana haɗa lefe, sai yayar amarya ta aiko wai akwai wani turare da agogo da ba a samu sai a can, kuma a gaya min kar in kuskura in kawo musu na Sawarik. Ku duba min wannan lissafi dan Allah, sai kana da mata za ka shiga, ni kuma kayan neman matar na zo saya. Umma ƙafa ta matsa mata ba na son ɗaga ta, ƙannena mata suna aure a Makka. Na gwada shiga ni kaɗai da jallabiya mai guga da fuskar mutanen kirki, haris ko kallon jallabiyar bai yi ba. Wani abokina ya ce kai baƙauye ne, je bakin masallacin da ke gefen fakin akwai wata Hajiya mai gyaɗa, ka yi mata bayani.

Na same ta zaune kan kwali, tire a gabanta, gyaɗa soyayya da gurjiya an ƙulla a leda. Na durƙusa na ce Hajiya barka da yamma ya kasuwa, ta ce alhamdulillahi ɗan nan, gyaɗa ko gurjiya? Na yi ƙasa da murya na ce Hajiya uwa nake nema. Ina jira ta yi salati ta kore ni, sai kawai ta ce ta shiga kawai ko da zagayawa? Ashe sana'a ce mai farashi. Shiga kawai riyal 20, in za ta zagaya da kai 50, kuma abinci a kanka. Na ce da zagayawa. Ta ba wata maƙwabciyarta ajiyar tire, ta juya baya ta yi 'yan gyare-gyare a cikin abayarta da ban gane ba a lokacin, ta ce muje, ka riƙe min jaka ka rage tafiya, ɗa ba ya wuce uwarsa.

A ƙofa haris ɗin wani dogo ne baƙi, ya dube ni ya dube ta ya ce da Larabci wannan mahaifiyarka ce? Na ce aiwa. Sai ya juya wajenta ya ce Hajja, ya sunan ɗan naki? Nan cikina ya ɗuri ruwa, don duk cinikin da muka yi ba wanda ya tambayi sunan wani. Hajiya ko gezau. Ta ja mayafi ta rufe baki ta kawar da kai gefe, ta ce cikin Larabcinta mai haɗe da Kananci, wai ɗan fari ne, mu a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, abin kunya ne. Haris ya ciji leɓe ya kalli sama ya ce tafaddalu. Na shiga ina jin kaina wani gwani.

Da muka zo matakalar nan mai tafiya da kanta na miƙa hannu zan riƙe ta, ta buge hannun ta ce kai tafi can, tun kana goye nake hawa ta Harami. Shagon turare kuwa nan na gane kuɗina ba uwa kawai suka sayo ba har da tarihi. Mai shagon wani Basiriye ya fito da kwalba ya nuna farashi a jiki, riyal 380, Hajiya ta shinshina ta yamutsa fuska ta ce arba'in. Ya ce farashi a tsaye yake Hajja. Ta ce hamsin, albarka. Na ce Hajiya nan ba a tayi, ta ce rufe min baki, kasuwar da ba a tayi ai fashi ce, kuma Inna za ka ce ba Hajiya ba mara kunya. Daga nan ta shiga ba mai shago labarina don ya tausaya ya rage, wai maraya ne, wai da ƙyar aka yaye ni, wai har na shekara bakwai ina fitsarin kwance, kuma duk da Larabci, da ƙarfi, ga 'yan mata uku a bayanmu suna ta danne dariya cikin niƙabi kafaɗunsu na rawa. Ina neman inda zan nutse sai aka kira isha. Lokacin kuwa da an kira salla kowane shago sai ya ja ƙofa, sai 2021 aka bar su a buɗe, ga 'yan hai'a, wato 'yan hisbar ƙasar, na zagaye. Basiriye ya karɓe kwalbarsa da sauri kamar dama jira yake, ya ce bayan salla.

Na ce Inna ki jira ni nan bakin wannan ruwan mai tsiri in je masallacin sama in dawo. Zuwa ba wuya, dawowar ce. Ba taga, ba agogo a bango, kowace kwana shagon takalmi da shagon waya, na wuce wani mai sayar da gilashi har ya fara gaishe ni kamar ɗan unguwa. Wai kuma da gangan ake gina su haka don ka manta abin da ya kawo ka ka yi ta saye, har sunan wani mutum aka laƙaba wa abin, Victor Gruen, mutumin Biyana ta Ostiriya da ya koma Amurka, shi ya zana mol ɗin Southdale a bayan garin Miniyafolis, aka buɗe 1956, rufaffe ruf saboda sanyin can, mu kuma muka ɗauko don gudun zafi. Shi bawan Allah burinsa a samu dandali inda mutane za su zauna su yi hira su san juna kamar a garinsu, da ya ga abin da 'yan kasuwa suka mai da shi daga baya cewa ya yi ba ruwansa.

To da yana raye ya ga Inna a daren nan da ya ji sanyi a ransa. Na hango taro a bakin ruwa, na kutsa, sai ga ta ta shimfiɗa zani a kan tayil ta miƙe ƙafa cikin sanyin esi, ƙullin gyaɗa jere a gabanta, ashe abin da ta cusa cikin abaya ke nan. Duk shagunan mol a rufe, ita kaɗai ke ciniki. Yaran Larabawa sun yi layi riyal ɗai-ɗai, iyayensu mata sun zauna gefenta ana hira, wata ma tana tambayarta maganin sanyin ƙashi. Ta hango ni ta ɗaga murya, kai zo ka ba yaron nan canji.

Ina cikin ba da canji na ji inuwa a kaina. Haris ɗin ƙofa ne. Na fara haɗa Larabcin ban haƙuri, sai mutumin nan ya durƙusa ya ce da Hausa tsantsa, Inna dan Allah tattara kayan nan kar ki sa a kore ni daga aiki. Ya juyo ya ce kai kuma ɗan fari, a satin nan kai ne na huɗu. Ashe Bahaushe ne ɗan ƙasa, irin waɗanda ake kira Hausawi, kakanninsa suka taho hajji a ƙafa ta Sudan suka tsallako teku daga Sawakin suka zauna. Ya sayi ƙulli biyu ya sa a aljihu, ya raka mu ta ƙofar baya inda ake sauke kaya, har ya ce in gaida gida. Turare dai ko kwalbar ban sake gani ba. Inna ta karɓi hamsin ɗinta cif, ta ce saura abinci, na sayo mata kazar Albaik, ta leƙa ledar ta ce tafarnuwar ɗaya ce kawai? Ta ƙara da cewa in zan dawo gobe in zo da wuri don ta fi ciniki a ciki, za ta rage min goma.

Abin da ban lura ba, cikin matan da ke zaune bakin ruwan akwai wata maƙwabciyarmu ta Sabil, kuma kafin in samu motar komawa labari ya riga ni isa. Na yi sallama na tarar da Umma zaune a kan darduma ta juya min baya. Ni fa ɗan fari ne na gaske, ba ta taɓa kiran sunana ba, don haka ƙanena ta kira ta ce gaya wa yayanka tuwon dare ya je uwarsa ta mol ta ba shi, wadda ta san yana fitsarin kwance. Na durƙusa na yi bayani tun daga lefe har gyaɗa, ba ta ce uffan ba, can sai ta ce wa ƙanen nawa tambaye shi nawa ya biya. Na ce hamsin da kaza. Nan ta juyo gaba ɗaya ta ce hamsin?! Ni da ka ba ni talatin ai da na je da ciwon ƙafar.