Kwamfutata na aiki lafiya ƙalau, yaron shago ya ce mini gawa ce

Jiya na ɗauki laftof ɗina na kai shagon da na saye ta, saboda saƙon da ke ta fitowa a allo cewa Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025. Da wannan injin nake ciyar da iyalina. Ina buga wa ɗalibai furojet, ina cike wa mutane fom, takardu masu lambar NIN da BVN suna wucewa ta cikinta kullum. Amanar bayin Allah ce, ba zan bar ta a buɗe ga ɓarayin intanet ba.

Na yi sallama. Yaron shagon, wanda na haifi sa'ansa, ya amsa ta hanci, idonsa na kan waya. Na ce, "Samari, so nake a ɗora mini Windows 11." Bai ko taɓa ta ba, ya ce, "Janareshan nawa ce?" Na ce ƙwaƙwalwarta Core i5 ce, zubi na shida. Sai ya kalli abokinsa suka tuntsire da dariya.

"Baba, wannan ai gawa ce. Daga ta takwas ake farawa."

Na danne zuciya na ce, "Ɗana, a nan fa na saye ta, maigidanka da bakinsa ya ce za ta daɗe tana yi mini aiki."

"To ai ta yi. Ka kawo kuɗi ka ɗauki wata."

Na ce na ji ana maganar wani abu TPM, mene ne shi? Ya ce, "Ko na yi maka bayani ba ganewa za ka yi ba." Ni! Ni da nake buga takarda da tafireta tun ba a haife shi ba. Daga ƙarshe ya ce in ina so zai cusa mata Windows 11 ta bayan gida in biya shi. Bai gaya mini cewa injin da aka yi wa haka ba shi da tabbacin samun gyaran tsaro ba. Bai kuma gaya mini akwai ƙarin wa'adin gyaran tsaron Windows 10 har 13 ga Oktoban 2026 ba, ko a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft. Maƙwabcina ne ya sanar da ni da dare. TPM ɗin ma ashe ɗan guntun na'urar tsaro ne da ke ajiye makullan sirri. Wannan ne ilimin da ya fi ƙarfin kaina?

Su Microsoft da suka ƙera Windows 10 sun fitar da ita a 2015, sun ce shekara goma, sun cika. Windows 11 ta fito tun 2021 da sharuɗɗanta a rubuce. Shekara huɗu cur ana sanarwa, wa ya gaya wa talakan Najeriya? A tsakanin nan kwantena-kwantena na tokumbo ake saukewa a Legas, injinan da Turai da Amurka suka gama da su, ana sayar mana babu wanda ya ce ga ranar da za su zama haɗari. Ina hukumomin da ke karɓar kasafi da sunan fasahar zamani da kare haƙƙin mai saye? Ko sanarwa ɗaya a rediyo da Hausa, ta gagare su?

Kuma da wane kuɗi za mu sayi sabuwa? Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Ga wuta, ga man janareta, ga data. Shiga ofisoshi da makarantu ka gani, wasu har yau Windows 7 suke kunnawa, wadda aka rufe littafinta tun Janairun 2020, kuma a ciki bayananmu suke. A 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya ta hanyar injinan da ba a yi wa gyara ba. Can kenan, inda ake da kuɗi da ƙwararru.

Linux, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, tana tafiya sumul a kan irin injina. Me ya hana a koyar da ita a kwalejojin fasaha da sakandare, a horar da masu gyara a kasuwanni? An bar mu a hannun yaran da ba su iya komai ba sai "kawo kuɗi ka ɗauki wata", kuma in ka yi tambaya su zage ka a gaban jama'a.