Kufan Rochester da ɗan rakiya mai raini

Jama'a, shekara 9 ke nan ina jinyar tsofaffi a Landan ina haɗiye raini, amma na ranar Asabar ya tsaya mini a maƙogwaro. Na tattara 'yan fam ɗina na biya wani kamfanin yawon buɗe ido ya kai ni da yara Rochester, mu ga kufan gidan yaƙin da Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, suka bari a bakin kogin Medway. Babbar hasumiyar gidan tun 1127 aka soma ta, tsayinta ƙafa 113. Yau ba rufi, ba bene, sai tantabaru da iska mai yankan kunne.

Na lura kusurwoyi uku a miƙe suke, ɗaya kuwa a zagaye. Na ce da ɗan rakiyar da kamfanin ya haɗa mu da shi, "Malam, don Allah me ya sa wannan ta fita daban?" Ya dubi hulata. Ya dubi agogonsa. Sannan ya nuna wani allo da baki, yana jan magana kamar mai yi da kurma: "An rubuta a can, in kana iya karatu." A gaban 'ya'yana! Bai ƙoshi ba, ya ƙara da murmushi, wai ya san a wajenmu da laka muke gini.

To sannu, shehin malami. Abin da ya yi maka nauyin faɗa shi ne, a 1215 Sarki John ya yi wa wurin ƙawanya, aka haƙa rami a ƙarƙashin kusurwar, aka tokare da itace, aka cinna wuta da kitsen aladu 40, ta rufto. Na ciki har dawakansu suka ci kafin su miƙa wuya. Da aka zo sake gini aka yi ta a zagaye. Wannan ne aikin da na biya ka.

Na buɗe baki zan ce masa Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano kusan zamani ɗaya da hasumiyarsu, sai bakina ya mutu. In ya ce in nuna masa hoto fa? Me zan nuna, bola? Su kufai suke lallaɓawa suna karɓar kuɗinmu a ƙofa, mu kuwa muna kwasar ƙasar badala muna buga bulo, masu mulki na yanka gefenta fuloti-fuloti suna raba wa 'yan korensu, kowa na wucewa ko a jikinsa. Haka na ja yarana muka koma mota, ƙaramar tana tambayata, "Baba, yaushe za ka kai mu mu ga tamu?"