Me ya sa kullum ƙarami ake ce wa ya yi haƙuri?

Shekara uku ke nan da wani dattijo na majami'armu a nan Yamai ya karɓi buhun albasa goma a hannuna, ƴar Galmi mai kyau, a kan jaka 15 kowane buhu. Ya ce bayan Kirsimeti zai biya. Kirsimeti uku sun wuce. Ni kuwa ba mai hannu da shuni ba ne, sari nake yi daga Galmi da Madawa in kawo rumfata a Katako, kuma jaka 150 a wurina uwar kuɗi ce. Da na gaji da zuwa ƙofar gidansa ana ce mini ya fita, sai na kai magana gaban dattawan ikkilisiya, tunda Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kada ɗan'uwa ya kai ɗan'uwa gaban alƙalin waje.

An zauna. An buɗe da addu'a. Aka karanta mini Matiyu sura 18, inda Bitrus ya tambayi Ubangiji ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, aka ba shi amsar bakwai har sau saba'in. Daga nan Baba Fasto ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ka yafe, Allah zai mayar maka." Wanda ya ci kuɗin yana zaune a gefe da Littafi Mai Tsarki a cinya, ba wanda ya tambaye shi yaushe zai biya, ko ma me ya hana shi. Aka rufe da addu'a, aka ce mu gaisa. Na miƙa hannu, zuciyata kamar garwashi.

Tun daga ranar nake lura da inda kalmar nan ta haƙuri take gangarawa a cikin majami'unmu. Kamar ruwan damina take, kullum kwari take nema. Matar da mijinta ya mare ta ita ce za ta yi haƙuri. Gwauruwar da ƴan'uwan miji suka cinye mata fili ita ce za ta yi haƙuri. Saurayin ƙungiyar mawaƙa da aka ci wa mutunci a gaban jama'a, shi ma haka. Tun tasowata nake shiga sujada, ban taɓa ganin an zaunar da babba an ce masa tashi ka je ka roƙi yaron nan gafara ba. Mun ɗauki "haƙuri maganin zaman duniya" mun yi masa baftisma mun ce shi ne gafarar da Yesu ya koyar, alhali sau da yawa rufa wa mai ƙarfi asiri kawai muke yi.

Kada wani ya ce Kiristan Nijar bai san gafara ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka fara ƙone majami'u a Damagaram saboda zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wadda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba. Washegari Asabar wutar ta iso Yamai. Ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙone a babban birnin, mutum goma suka rasu a garuruwan biyu. A ranar, ƴaƴana a gidan maƙwabcinmu Musulmi suka wuni, matarsa ta rufe su a ɗaki ta zauna bakin ƙofa, ba zan manta da wannan ba har in koma ga Allah. Bayan nan shugabanninmu, Katolika da masu bishara, suka fito suka ce mun yafe, aka yi sujada cikin toka da baƙin bango. Na yarda da gaske aka faɗa. Amma yanzu ina ganin wannan gafarar ta fi sauƙi ta wani fanni: ba mu san fuskar yawancinsu ba, ba ma haɗuwa da su wajen jibin Ubangiji, inda muke raba gurasa da ƙoƙo a sujada. Wanda yake miƙo maka ƙoƙo ranar Lahadi da kuɗinka a aljihunsa, shi ne jarrabawa.

Na koma na karanta surar nan ta 18 da kaina, a hankali. Akwai misalin da Yesu ya bayar na bawan da sarki ya yafe wa bashi, shi kuma ya ƙi yafe wa ɗan'uwansa bawa. Bawan farko sarki yana bin sa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan ƙwadagon yini guda, kamar yadda misalin ma'aikatan gonar inabi ya nuna a sura ta 20. Ke nan dinari miliyan 60, aikin da ko mutum ya yi shekara dubu ɗari bai kai ƙarshensa ba. Shi kuwa dinari 100 yake bin ɗan'uwansa bawa, ladan wata uku da ƴan kwanaki. Masu wa'azi suna son cewa dinari ɗari ba komai ba ne. Su tambayi ɗan dako a Katako ko ladan wata uku ba komai ba ne. Yesu bai raina bashin ba. Kuma a lura, wanda ake bi ɗin ya faɗi ƙasa ya amsa cewa ana bin sa, ya roƙi lokaci. A sama kaɗan cikin surar, aya ta 15 zuwa 17, an shimfiɗa yadda za a yi da ɗan'uwan da ya yi laifi: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka zo da shaidu, in ya ƙi a gaya wa ikkilisiya. Mai laifin ake kira ya saurara. Mu mun juya abin, wanda aka cuta muke tarar wa.

Zakka mai karɓar haraji ma, da alherin Yesu ya shiga gidansa a Yariko, bai ce tunda an karɓe shi magana ta ƙare ba. Ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan haka ne Ubangiji ya ce ceto ya zo gidan. A Matiyu sura 5 an ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Da za mu bi wannan ayar Lahadi ɗaya, ban san ko faifan baiko zai cika ba.

Babana a asibitin Galmi ya fara jin bishara, asibitin da mishan na SIM suka buɗe a 1950. Yakan ce waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun yi dace da kalmar alheri. Bahaushe ya san alheri: abin da aka ba ka ba don ka yi aikinsa ba. Haka Bulus ya gaya wa Afisawa, ceto kyauta ce, kada kowa ya yi fahariya. To kyauta mai ita ne yake miƙawa. In taron dattawa ya murɗe hannuna ya karɓe ta, sunanta ya canza.

Da a nan na tsaya, da na fito fes. Sai dai laifi tudu ne. Wani dare ina ta zuba wannan wa'azin a tsakar gida, sai uwargida ta ajiye ludayi ta ce, "Maigida, yaron nan mai kura fa?" Na yi shiru. Akwai wani yaro daga wajen Tawa da yake tura mini kaya daga inda mota take saukewa zuwa rumfa. Bara ya kifar da buhu biyu a cikin kwata, albasa ta jiƙe, rabi ta ruɓe. Na cire jaka 5 daga ladansa, wannan ma da sauƙi. Na kira shi ɓarawo a gaban ƴan kasuwa, na ce sayarwa ya yi, alhali na ga laka a jikin buhunan. Ya durƙusa yana cewa Baba ka yi haƙuri, na juya masa ƙeya. Ashe misalin da nake ta auna wa dattijo da mudu, rigata ce aka ɗinka daidai wuyana. Shekara uku ina jiran babba ya sauko wurina, ni kuma akwai wanda yake ƙasa da ni yana jira.

Kwana huɗu ina juya abin. Abin da ya riƙe ni ba jaka 5 ba ne, idon mutanen Katako ne. Mai rumfa da furfura ya tsaya gaban mai kura yana ba da haƙuri? Muna karanta Yahaya sura 13 kowace shekara kafin Ista, inda Yesu, Malam da Ubangiji, ya tuɓe mayafi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafar almajiransa, har da ta wanda zai bashe shi, muna cewa amin. Kakanninmu ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A baki duk da daɗi.

Ranar Laraba na same shi yana shan koko a bakin titi. Ban ja shi gefe ba, tunda a gaban mutane na zage shi. Na ce, "Ɗana, na yi maka ƙazafi, na san ba ka saci albasata ba, ga kuɗinka, ka yafe mini." Ya riƙe kuɗin yana dube-dube kamar za a ƙwace. Mai kokon ta ce, "Ikon Allah." Shi kuwa cewa ya yi, "Ba komai Baba, ya wuce," ya tambaye ni ko motar Madawa ta iso. Yaron Musulmi ne, ban karanta masa ko aya ɗaya ba.

Dattijo har yau bai biya ba. Na daina kwana da shi a raina, ina gaishe shi, ranar da matarsa ta kwanta asibiti na je dubiya. Amma na gaya wa Baba Fasto, cikin ladabi, cewa in an sake zama a kan maganar ina roƙon a fara tambayar wanda ya karɓi buhunan. Ya ce zai duba. Wata biyu ke nan.